Akwatin da ba ya buɗuwa: sharhi kan fim ɗin Steve Jobs

Sana'ata gyaran waya ce a Gusau, kuma da idon mai gyara na kalli fim ɗin Steve Jobs na 2015, wanda Danny Boyle ya ba da umarni, Michael Fassbender ya fito a matsayin Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple mai ƙera iPhone. A wurin masu turi na same shi, babu fassarar Hausa, Turanci ne zalla mai gudu. Mai neman faɗa ko tseren mota kada ya ɓata kuɗinsa, domin daga farko har ƙarshe gardama ce a bayan dandamali, ana dab da ƙaddamar da kwamfuta. Sau 3 ake yin haka: Macintosh a 1984, NeXT a 1988, sai iMac a 1998.

Abin da ya fara tsayar da ni yana kashi na farko. Macintosh ta ƙi yin gaisuwar da aka shirya za ta yi wa jama'a, injiniya yana son buɗe ta ya duba, sai ga shi ba ta buɗuwa sai da kayan aiki na musamman, haka Jobs ya sa aka ƙera ta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar iPhone ya ga notin nan mai kan tauraro da sukundireban gama-gari ba ya kwancewa ya san wannan hali. Amma ana cikin wannan rigima sai aka shigo da Lisa, yarinya 'yar shekara 5 da Jobs ke musun cewa 'yarsa ce, duk da gwajin jini, duk da kotu ta ɗora masa kuɗin ciyarwa. Nan na gane cewa rufaffen akwatin mutumin ne da kansa. Hatta gardamarsa da Steve Wozniak, abokinsa da suka kafa Apple tare, a kan ramukan ƙara kayan aiki, Wozniak na son 8 shi yana son 2, magana ɗaya ce: ba ya son kowa ya sa hannu a cikinsa.

Da na riƙe wannan zare sai sauran suka biyo. Kwamfutar NeXT baƙin akwati ce mai kyan gani, amma a fim ɗin manhajarta ba ta ma kammala ba, ya kuma ƙera ta ne bayan ya bar Apple a 1985 yana cike da fushi da neman ramuwa. Ita kuwa iMac, jikinta shuɗi ne garai-garai, ana hango kayan cikinta, kuma a kashinta ne Jobs ya fara amsa laifinsa a gaban Lisa. Hoton fim ɗin ma yana canzawa. An ɗauki kashi na farko da fim mai milimita 16, shi ya sa yake dishi-dishi, na biyu da mai 35, na ƙarshe da kyamarar dijital, tas. Yaron shagona ya ce, “Oga, anya ba turin ne ya lalace ba?” Na ce masa ya yi haƙuri ya kai 1998.

A ƙasar Hausa uba ya ƙi ɗansa ba ƙaramin abu ba ne, tabo ne da ke bin yaro har aurensa. Shi ya sa wannan ɓangare ya fi komai taɓa ni, musamman da fim ɗin ya tuna mana cewa Jobs ɗan riƙo ne, iyayen da suka haife shi sun ba da shi yana jariri. Mahaifinsa, Abdulfattah Jandali, mutumin Siriya ne. Wanda aka bayar shi ne ya zo yana ƙin tasa, yana kuma neman uba a wurin John Sculley, shugaban Apple na lokacin, wanda suka ɓata da shi daga baya.

Sai dai kada a wuce gona da iri wajen tono. Akwai masu cewa tuffar da aka gatsa a tambarin Apple tunawa ce da Alan Turing, masanin lissafi ɗan Birtaniya da ya share fagen ilimin kwamfuta, wanda aka tsinci gawarsa a 1954 da tuffa a gefensa. Fim ɗin ya taɓo zancen ya kuma kore shi, wanda ya zana tambarin, Rob Janoff, ya ce gatsar don a bambance tuffa da wani ƙaramin ɗan itace ce. Haka nan waɗannan arangama a bayan dandamali tsarin marubuci Aaron Sorkin ne, ba haka suka faru a jere ba.

Inda ban gamsu ba shi ne ƙarshe. Ya miƙa wa Lisa zanen da ta yi a Macintosh tana ƙarama, ya dubi na'urar kaset ɗinta ya yi mata alkawarin sa waƙoƙi a aljihunta, wato iPod da ta zo a 2001. An yi sulhun da sauri, kamar sabuwar na'ura za ta biya shekarun da yarinya ta yi ana musunta. Ba za ta biya ba. Duk da haka na ba shi 8 cikin 10. Mai son kallo ya roƙi mai turi ya haɗa masa da rubutun ƙasan allo, ya kuma sa abin kunne, don a lasifikar waya rabin maganar ɓacewa take.