Akwatin dok: waya ɗaya tsakanin laftof da duk kayan tebur

Aikina tsara zane ne: katin biki, kalanda, fosta in lokacin 'yan siyasa ya zo. Laftof ɗaya nake yawo da ita tsakanin gida da shagona a Zoo Road cikin Kano, kuma kullum da safe sai na jona caja, wayar babban allo, kibod, linzami da firinta ɗaya bayan ɗaya, har ramin HDMI, inda wayar allo ke shiga, ya fara lilo. Shi ya sa na je Beirut Road na sayo akwatin da masu shago ke kira dok. Na hannu ne, an ɗan murje shi, amma da cajarsa ta asali.

Aikinsa ba wuya. Duk kayan tebur a bayansa suke a jone dindindin, waya ɗaya tak ce ke fitowa ta shiga ramin USB-C na laftof. Da na soka, alluna biyu su kama, intanet na waya ya hau, batir ya fara sha. In zan tashi, fizge ɗaya, sai jaka. A nan kam ya ci kuɗinsa.

Sai dai kafin ka biya, duba ramin kwamfutarka da kyau. Yaron shagon da na sayo dok ɗin ya ce mini game da ramin USB-C, "Yallaɓai, ai duk Type-C ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Wani ramin bayanai kawai yake ɗauka, ba ya fitar da hoto, ba ya karɓar caji. Wanda ke da alamar walƙiya a gefe shi ne Thunderbolt, kuma na 3 da na 4 suna kai gigabit 40 a daƙiƙa. Ko ramin ya yi, akwai sauran magana: MacBook Air mai M1 allo ɗaya kawai take ɗauka daga waje, sai fa in akwatin mai DisplayLink ne, wato fasahar da ke ƙara alluna ta hanyar manhaja, an kuma saka manhajarsa. Na tafi da laftof ɗina, na sa aka jona a gabana da allo biyu, sannan na zaro kuɗi. Mai shagon bai so ba, amma ya haƙura.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Laftof tana da batir, akwatin ba shi da. Ana ɗauke wuta, alluna su yi baƙi, duk abin da na baza a kansu ya taru ya cunkushe a ƙaramin allon laftof, kuma in ina kwafar aiki zuwa had dis ɗin waje, wato ma'ajiyar bayanai, shi ke nan, ya yanke a tsakiya. Ko 'yar tazarar da ake samu kafin a tada janareta ta isa. Sai da na ƙara ƙaramin UPS, mai batirin riƙe wuta na ɗan lokaci, sannan na samu sa'ida, wato wani kashe kuɗin da ba ya cikin lissafi. Masu sola kuma su lura: cajar akwatin wat 130 ce, tana ba laftof 90, ga na alluna daban. Ƙaramar inbata za ta ji jiki.

Zafi ma yana damunsa. A watan Afrilu, da azahar, in ka ɗora hannu a kansa sai ka janye, fankar cikinsa kuwa ta yi ta huci. Na ɗaga shi a kan 'yan katakai biyu don iska ta bi ta ƙasa, da hunturu kuma nakan hure ƙurar ramukan, in ba haka ba allo ɗaya ya dinga ƙiftawa.

Wanda allo ɗaya da linzami kawai yake jonawa, ƙaramin hob mai arha, wato ɗan abin ƙara ramukan USB, ya wadatar da shi. Abin da har yau nake ƙorafi a kai shi ne gajartar wayar: ba ta kai mita ɗaya ba, ta fito ta hagu, ramin laftof ɗina kuwa yana dama, sai da na juya tsarin teburin gaba ɗaya.