Ɗakin shawara kan tsoro a wani asibitin kuɗi na Damagaram

Cikin asibitocin kuɗi na Damagaram akwai wanda ya ware ɗaki domin masu fama da tsoron da ya wuce kima, kuma a ganina aikin ma'aikaciyar da ke zama a can ya cancanci abin da ake biya, ko da yake tsarin asibitin bai taimake ta ba.

Ƙanwata muka kai, bayan wani ɗan kabu-kabu ya buge ta kusa da kasuwar Dole. Ƙafar ta warke, amma da ta ji ƙarar babur sai tafin hannunta ya jiƙe da gumi, daga baya har injin niƙan unguwa da janareton maƙwabta suka shiga sahu. Ma'aikaciyar ta bayyana mana cewa ƙwaƙwalwa ce ta ɗaure ƙarar da zafin haɗarin, sannan ta shimfiɗa tsoron kan duk abin da ya yi kama da ita, kamar yadda wanda maciji ya sara kan gudu idan ya ga tsumma. Ta kawo gwajin da John Watson da Rosalie Rayner suka wallafa a Amurka a 1920, inda suka riƙa buga ƙarfe da guduma a bayan jariri Albert duk lokacin da aka nuna masa farin ɓera, har ya koma yana kuka da ganin ɓeran, sannan da ganin zomo.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda ta fuskanci mahaifiyarmu cikin ladabi, ta ce: "Hajiya, duk ranar da kuka hana ta fita saboda tausayi, sauƙin da ta ji shi ke ƙara wa tsoron ƙarfi." Daga nan aka bi mataki-mataki, ba tare da magani ba: sauraron ƙarar babur a waya, taɓa babur ɗin da aka kashe injinsa a tsakar gida, tsayawa kusa da shi yana aiki, har hawa a cikin lungu. Ta kuma gargaɗe mu cewa tsohon tsoron ba ya gogewa, sabon koyo ne ke danne shi, don haka yana iya tasowa a wurin da ba a saba ba.

Matsalar ita ce labule ne kawai ya raba ɗakin da masu jiran layi, ga shi takardun bayanin duk da Faransanci aka rubuta su. Wanda zai je ya nemi lokacin la'asar, sa'ad da mutane suka ragu.