Wasiƙa daga Ingila: aikin lambu kafin sanyi ya sauko

Yaya, assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya hidima? Ka ce duk ranar Asabar in ka kira ni sai ka ji iska na kaɗawa a waya, wai ina nake zuwa haka. Lambu nake zuwa. Yanzu ne ma aikinsa ya fi yawa, don Agusta ta zo ƙarshe, yini ya fara gajarta, kowa na rige-rige da sanyi.

Filin haya ne daga ƙaramar hukuma. Tun 1908 dokar ƙasar nan ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da irin waɗannan filaye ga mazauna da suka nema. Cikakken fili kusan murabba'in mita 250 ne, ni rabi na samu, bayan shekara uku sunana na kan layi. Kuɗin hayar sau ɗaya ne a shekara, kuma ba ya karya mutum. Amma abin da ka noma na cin gidanka ne, ba a yarda ka buɗe kasuwa da shi ba. In kuma ka bar ciyawa ta cinye wurin, wasiƙa za ta zo, ta biyu ta biyo, sai a karɓe a ba na bayanka.

Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne sayen ƙasa. Wallahi ƙasa, Yaya, a buhun leda, lita 40 ko 50, kowanne da rubutunsa: wannan ta yayyafa iri, wannan ta tukwane, waccan ta haɗa da ƙasar lambu. Ta manyan kantunan abinci ta fi araha, amma ka buɗe ka tarar da guntayen itace. Ta kantunan kayan lambu ta fi tsada, ta fi laushi. Da na ga kuɗin na tafiya sai na ce ni wayo, na je wani wurin kiwon dawaki aka ba ni taki kyauta, baro shida. Waken da na shuka a kansa ya fito ganyensa a murɗe kamar an ƙona gefensa. Ashe ciyawar da dawakin suka ci an fesa mata wani maganin ciyawa, aminopyralid, wanda ke bi ta cikin dabba ya fito da ƙarfinsa. Araha ba ta ado. Yanzu kafin in zuba taki a wannan kakar sai na ɗiba kaɗan a tukunya, na shuka ƙwayar wake huɗu, in jira mako uku in ga ganyen.

Wata dattijuwa ce ta koya mini wannan, filinta na jikin nawa, ta fi shekara talatin a wurin. Ita ce kuma makon jiya ta leƙo ta ga baƙin tabo a ganyen dankalin turawana, ta ce maza in yanke duk ganyen daga tushe, in bar dankalin a ƙasa mako biyu fatarsa ta yi ƙwari kafin in tono. Cutar nan ce ta jawo yunwar ƙasar Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, da ta fara a 1845, tana son ɗumi da laima, tana kama tumatir ma. Na tambaye ta wane magani zan saya, ta yi dariya ta nuna mini almakashi.

Ganyen mai cuta ban zuba shi a ramin takina ba, gida na kai shi cikin mazubin sharar lambu. Shi ma wannan mazubin biyan kuɗinsa ake yi duk shekara a yawancin garuruwa, motar na zuwa bayan mako biyu-biyu, ba ta saɓa rana. Ka biya ka sayi ƙasa, ka biya a kwashe ciyawa, su mayar da ita taki su sake sayar maka.

Ruwa akwai famfo a filin, amma ba abin dogaro ba ne kullum. A 2022, shekarar da zafi ya kai digiri 40.3 ranar 19 ga Yuli, kamfanonin ruwa da dama sun hana ban-ruwa da tiyo. Tun lokacin na kafa duro mai lita 200 a gindin indararon rumfata. Yanzu ne lokacin gyara shi, tunda ruwan kaka na hanya.

Dodon-koɗi, musamman irin marar ƙoƙon nan, shi ne ɓarawon dare. Tsohon maganinsa, metaldehyde, an hana shi tun Afrilun 2022 saboda yana kashe tsuntsaye da bushiya. Wanda ake sayarwa yanzu aikinsa a hankali ne, don haka tocila da bokiti sun fi mini.

Wannan watan kantuna ke karya farashin iri, wani har rabi. Sai dai ka duba bayan fakitin, akwai shekarar da irin ke daina tsirowa da kyau. Na sayi na latas ɗin hunturu da na wata ciyawa da ake shukawa musamman don ta rufe ƙasa, in bazara ta matso a kife ta ta zama taki. Albasa na riga na cire, tana shanye a rumfa. Tafarnuwa sai Oktoba, kuma ta shuka ake saya, don ta kantin abinci ba lallai ta dace da yanayin nan ba. Abin mamaki, sai ta sha sanyi na makonni kafin kanta ya rabu gida-gida. Aski na shinge kuwa na bari sai Satumba, domin dokar 1981 ta haramta ɓata sheƙar da tsuntsu ke ciki.

Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin biyar duhu ya yi, daga nan lambu sai ƙarshen mako. Irin da ka ce za ka ba wani ya taho mini da shi, don Allah ka bari. Ba a shigo da iri ƙasar nan sai da takardar shaidar lafiyarsa, kada mu jefa bawan Allah cikin matsala a filin jirgi. A gaishe mini da mutan gida baki ɗaya.

Ƙaninka.