Fitilar zobe: ta yi wa fuska, ba ta yi wa abincin Sin ba

Masu tambayata a kan fitilar zoben nan mai ƙafa uku da maƙalin waya a tsakiya, ga amsarku. In hoton fuska za ki ɗauka, saya abinki. In kuwa abincin Sin ne irin wanda nake girkawa, tsaya ki ji tukuna.

Tunda muka tare a birnin Guangzhou na ƙasar Sin nake koyon girkinsu, tunda naman halal ba ya wuya a unguwar Xiaobei. Su Sinawa launi suke fara dubawa kafin a zo batun ƙamshi da ɗanɗano, ni ma sai na so hotunan da nake tura wa gida su fito ras. Kicin ɗinmu babu taga, ƙwan wutar kuma rawaya ne, shi ya sa na yi odar fitilar.

Ranar da na yi mapo tofu ne ta ƙona min rai. Abincin lardin Sichuan ne, awara mai laushi a yanka ƙanana, da niƙaƙƙen naman sa, da markaɗen wake da barkono da suke tsimawa, a ƙarshe a dama sitaci a zuba don ya yi kauri da sheƙi. Duk kyansa yana jan man nan da ke kwance a sama. Na kafa fitila a saman kwano, waya a tsakiya, daidai yadda mai shagon ya nuna a bidiyonsa. Wallahi kowane ɗigon mai sai da ya kwafi zoben, ga fararen da'irori birjik, kwano ya zuba min ido kamar kifi a tiren talla. Awarar ta yi fari fat babu ko inuwa, jan kuma ya koma ruwan ƙasa. Na murɗa zuwa hasken rawaya, na dawo fari, duk kanwar ja ce. Kafin in gama abinci ya huce, lawashin da na barbaɗa ya yi yaushi, maigida kuma yana ta leƙe. Da na tura wa yayata sai cewa ta yi, "Ke ƙanwata, wannan miyar kwana ta yi?"

Wani mai ɗaukar hoto a beninmu ya ce ƙwayayen LED masu arha ba sa fitar da ja yadda yake, in riƙa duba lambar CRI, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launin abu, gara 95 zuwa sama. Na juya kwalin ciki da bai, ba a rubuta komai ba.

Amma kada in ci haƙƙinta. Da na sauke ta daga sama na kai ta gefe, ɗan baya da kwano, na rataya farin mayafi a gabanta, abin ya canza. Na turara jiaozi, 'yan ƙunshin fulawan nan masu nama a ciki, na jera a baƙin faranti, sai ga tururi yana tashi a hoto, har matsin bakin kowanne ana gani. Ƙwai da tumatir ma ya yi kyau ba laifi. Nan na fara cewa kuɗina ba su tafi a banza ba.

To amma in gefe za ta tsaya a bayan mayafi, meye amfanin zoben? Kowace fitila ma za ta yi hakan. Ga maƙalin wayar, roba ce sakwa-sakwa, ba ya riƙe waya a kife. Ina cikin ɗaukan jiaozin nan ya saki, gefen wayata ya tsunduma cikin ɗan kwanon baƙin ruwan tsamin da ake dangwale da shi. Har yau lasifikarta shaƙe take.

Na yi wa mai shagon magana, ya turo min hoton fuskar dariya, wai zai mayar min da 'yan yuwan, kuɗinsu na Sin, in na ba shi taurari biyar. Biyu na ba shi, su ma albarkacin tururin ne.