Firinta mai tankin tawada: ta ɗaure ko ta kamfani?

Duk mai shagon buga takardu a bakin jami'a ya san takaicin katirij, wato ɗan akwatin tawadar da ake sakawa cikin firinta. Lokacin da ɗalibai ke rige-rigen haɗa furojet, sai ka saka sabo da safe, kafin la'asar rubutu ya fara dusashewa. Wannan ne ya sa jama'a suka koma firinta mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Amma iri biyu ce a kasuwa, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai tsaya ya bambanta maka su ba.

Akwai ta ɗaure. Ana ɗauko firinta mai katirij, a jera ƙananan tankuna huɗu ko shida a gefenta, a ja siraran tiyo ta ƙarƙashin murfi har zuwa katirij ɗin. Masu gyara ne suka fara wannan dabara, kamfanoni suka biyo baya: sai a 2010 Epson ya fitar da nasa na farko, L100 da L200, a ƙasar Indonesiya. Daga baya Canon, HP da Brother suka shigo.

Ta ɗaure tana da araha, musamman in kana da tsohuwar firinta a ajiye. Sai dai lallaɓa take so kamar ɗanyen ƙwai. Dole tankunan su zauna daidai da gindin firintar. Yaron shago ya ɗora su a kan rim ɗin takarda don ya goge tebur, tawada ta kwararo ta ɓata shafi da ɗigo. Ya sauke su ƙasa, ta koma da baya iska ta cika tiyon. Ga tiyon da ke maƙalewa yayin da kan firintar mai fesa tawada ke kai da komo. Ga kuma ɗan guntun lantarkin da ke jikin katirij, wanda ke ruɗin firintar cewa sabo ne: ranar da ka bar ta ta sabunta manhajarta ta intanet, tana iya cewa ba ta san shi ba. Garanti kuwa, tun ranar da aka zura tiyo ya tafi. Ni dai in da firinta kake cin abinci, ba zan ba ka shawarar ta ɗaure ba.

To a cikin na kamfani fa? Adadin shafukan da ake rubutawa a kwali duk dubbai ne. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai lamba 103, ta su L3110 da L3250, mililita 65 ce, kamfanin ya ce tana buga shafi 4,500. Ta Canon GI-490, ta su G2411 da G3411, mililita 135 ce, shafi 6,000. Kada wannan lissafi ya ɗauke maka hankali, don da shafukan gwaji marasa cikar tawada aka auna. Katin biki mai shuɗi tun daga sama har ƙasa zai shanye kwalba tun kafin ka je ko kusa.

Ainihin bambancin yana wurin kai, wato abin da ke fesa tawadar. Kan Epson ba ya amfani da zafi, matsa tawadar yake yi ta fito, kuma an ƙera shi ya zauna har ƙarshen rayuwar firintar. Yana da ƙarko, amma ranar da ya toshe ya ƙi wankuwa, kuɗin sabo zai sa ka yi tunanin sayen wata firintar dungurungum. Canon da HP kuwa zafafa tawadar suke yi. Kawunansu sun fi saurin gajiya, sai dai da hannunka za ka ɓalle tsohon ka danna sabo, ba sai ka nemi mai gyara ba. Saboda haka kafin ka zaɓa, ka zaga kasuwar garinku ka tambaya: wane kai ake samu, wace tawada ce ba ta yankewa? Firintar da sai an aika Ikeja kafin a samo mata kwalba ba taka ba ce, komai kyanta.

Irin aikinka ma yana yanke hukunci. Mai ɗaukar hoton fasfo da buga katin shaida ya nemi mai launi shida, irin su Epson L805 ko magajiyarta L8050. Mai launi huɗu ba ta fitar da fatar mutum da laushi haka. Mai buga hoto a kofi da riga da tawadar da ake gasawa, Epson ce kawai hanyarsa tsakanin Epson, Canon da HP, don kai mai zafi ba ya jituwa da ita. Mai buga takardun ofis kuma ya duba ko baƙar tawadar mai jure ruwa ce. Ta GI-490 tana jurewa, ta 103 kuwa ɗigon ruwa ɗaya na iya jan rubutun.

Wani abu da ba a faɗa wa mai saye shi ne soson da ke cikin firintar. Duk lokacin da ta wanke kanta, a can take zubar da tawadar. Ranar da lissafinta ya nuna ya cika, sai ta tsaya cak; a Canon lambar 5B00 za ka gani. Masu gyara kan goge lissafin da kwamfuta su miƙo maka ita, soson yana nan jiƙe, wata rana ka tarar da tawada a kan tebur. Wasu sababbi, kamar Canon G3420, an yi musu akwatin da kake zarewa ka canza da kanka. Ga mai aiki da yawa, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙara kuɗi.

Ta wajen wuta, mai tanki ta yi wa mai leza, wadda ke bugawa da garin tawada, fintinkau. Ƙaramar Epson wajen wat 12 take ja tana aiki, ƙaramin inbata ma ya riƙe ta, alhali leza ɗaruruwa take ci. Amma ba ta da sauri: L3250 shafi 10 take yi a minti in baƙi ne, 5 in mai launi. Wanda ke buga handawut dubbai a mako, leza ko babbar fotokwafi ce tasa, mai tanki ta zauna gefe don bango da hotuna.

In ka saya, ka rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu, kuma ko babu aiki ka buga shafi mai launi sau ɗaya a mako don kada kan ya bushe. In ta hannu ce, kada ka biya sai an buga maka shafin gwajin kai a gabanka. Ka ɗaga shi wajen haske ka bi layukan launi ɗaya bayan ɗaya. In ka ga giɓi, a wanke a sake bugawa, in giɓin bai matsa daga inda yake ba, ka mayar da kuɗinka aljihu.