Gargaɗi ga masu shirin buɗe sutudiyon hoto a gida: a kula da masu tallan "cikakken saiti" a intanet

Matasa da dama, maza da mata, sun soma ware ɗaki guda a gida domin ɗaukar hotunan amare, na suna da na Sallah, kuma sana'a ce mai tsabta wadda ba ta buƙatar hayar shago. Wannan sha'awa ce wasu 'yan damfara suka gano, suka buɗe shafuka a Facebook da Instagram da TikTok suna tallan abin da suke kira cikakken saitin sutudiyo. A hoton tallan za ka ga manyan fitilu biyu ko uku a kan ƙafafuwansu, da akwatin tausasa haske wanda masu sana'ar ke kira sofbos, da laima, da sandar rataye labulen bango, da labule kala uku, fari da baƙi da kore, dukkansu a kan farashin da ko fitila ɗaya ta kirki ba zai saya ba a kasuwa. Tallan ya fi yawaita idan Sallah ta gabato, domin sun san a lokacin ne sabon shiga ke gaggawar ya soma aiki kafin ciniki ya wuce shi.

Da zarar ka yi magana a ƙarƙashin tallan, za a ce ka koma WhatsApp, inda babu wanda zai ga abin da kuka tattauna. A nan mai tallan zai gaya maka cewa shagonsa yana kasuwar Alaba a Legas, cewa saiti biyu kacal suka rage, kuma akwai wanda ya riga ka tambaya. Zai turo maka bidiyon kwalaye jibge a wani sito, da hoton takardar rajistar kamfani, wani lokaci har da hoton katin shaidar wani bawan Allah wanda bai ma san ana amfani da sunansa ba. Daga nan sai ya nemi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, da alkawarin za ka cika sauran idan kaya sun iso. Bayan kwana ɗaya ko biyu wani zai kira ka da wata lamba, ya ce shi ne direban da aka ba kayan, yana hanya, amma ba a biya shi kuɗin mota ba. Idan ka tura, sai a sake kira a ce jami'an kwastan sun tsare motar, sai an biya wani abu kafin a sake ta. Mai tallan da direban mutum ɗaya ne ko kuma abokan aiki, kuma za su ci gaba da ƙirƙiro dalilai har ranar da ka ce ba ka da ko sisi, sannan su toshe lambarka, su canja sunan shafin, su ci gaba da talla da hotunan nan dai.

Akwai nau'in damfara na biyu, wanda a ganina ya fi wahalar kamawa, domin a nan kaya suna isowa tasha. Kwalin ne kawai bai yi nauyin da ya kamata ba. Idan ka buɗe, maimakon filasha mai ƙarfi, wato fitilar da ke walƙawa lokacin ɗaukar hoto, da aka nuna a tallan, za ka tarar da soket na ƙwan lantarki irin na ɗaki, da ƙwai marasa suna waɗanda aka buga wa manyan lambobi a jiki. Ƙafafuwan siraran ƙarfe ne da maɗaurin roba wanda ke tsagewa tun ɗaurin farko, sandar bangon tana lanƙwasawa a tsakiya da zarar an rataya mata labule, shi kuwa labulen shara-shara ne har kana hango tafin hannunka ta bayansa, ga ƙyalli da ke mayar da haske cikin kyamara ya ɓata hoto. Idan ka koka, sai a ce ai abin da kuɗinka ya saya ke nan.

Abin da ke ba su nasara shi ne mai sayen bai riga ya san kayan ba, don haka yana da kyau a fahimci 'yan abubuwa kafin a fitar da kuɗi. Fitilun sutudiyo iri biyu ne. Akwai filasha, wadda ke walƙawa lokacin da aka danna kyamara, ana auna ƙarfinta da wat-sakan, kuma tana buƙatar tiriga da za ta haɗa ta da kyamarar. Akwai kuma fitila mai ci gaba da haske, wadda ake auna ta da wat. Alal misali, Godox SK400II filasha ce mai wat-sakan 400, ita kuwa SL60W fitilar LED ce mai wat 60, kuma hotunan irin waɗannan sanannun kaya ne 'yan damfara ke kwafowa daga shafukan kamfanoni, ba tare da sanin kamfanonin ba. Mai sayar da kayan gaskiya zai faɗa maka sunan kamfani da lambar samfuri ba tare da kwana-kwana ba, zai gaya maka ko hasken fari ne irin na rana, wato kelbin 5600, da ma'aunin ingancin launi da ake rubutawa CRI, wanda masu ɗaukar fuska ke son ya kai 95 domin kada fatar mutum ta fito da wani kore-kore. Wanda ka tambaye shi waɗannan ya amsa da cewa kayan orijina ne, kada ka damu, to shi ma bai taɓa riƙe su ba. A kuma duba ƙarfin wuta, domin wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma akwai filashar da aka ƙera don kasuwar Amurka kaɗai, wadda za ta ƙone a jonawar farko idan aka shigo da ita a gwanjo.

Kafin a tura ko kwabo, a nemi kiran bidiyo kai tsaye, a ce mai sayarwa ya buɗe kwalin, ya nuna lambar da ke jikin fitilar, ya jona ta a wuta ta kama a gaban idonka. Ɗan damfara zai ce sabis ba shi da kyau ko kuma yaron shago ya fita da makulli. A saka hoton tallan a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito a intanet, domin sau da yawa za a gan shi a shafukan ƙasashen waje. Lokacin tura kuɗi, manhajar banki tana nuna sunan mai asusu, kuma idan sunan ya saɓa da na shagon, ko aka ce asusun na ƙanin mai shago ne, a dakata. Ana iya bincika sunan kamfani a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sai dai rajista ba shaidar gaskiya ba ce, tun da ana iya aron takardar wani. Hanya mafi aminci ita ce ka tura wani ɗan'uwa ko abokin sana'a da ke garin ya je shagon da ƙafarsa, ya gwada kayan, sannan a biya, domin ba a cinikin biri a sama.

Ina kuma so in ja hankalin sababbin shiga cewa ba dole ne a fara da saiti ba. Taga mai faɗi wadda rana ba ta dukanta kai tsaye tana ba da haske mai taushi a fuska, farin kwali da aka riƙe ta ɗaya gefen yana rage duhun inuwa, yadi mai kauri marar ƙyalli daga Kantin Kwari ko wata kasuwar yadi ta kusa, idan aka goge shi sosai, ya isa labulen bango, muddin aka tsayar da mutum kamar mita ɗaya da rabi daga jikinsa domin kada inuwa ta faɗa a kai. Idan ciniki ya kankama, sai a sayi fitila ɗaya mai kyau da sofbos ɗinta daga shagon da ake iya komawa.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar da ya gane, ya shigar da ƙorafi a rubuce tare da shaidar tura kuɗin, domin a nemi bankin da ya karɓa ya riƙe asusun kafin a kwashe abin da ke ciki. Ya adana hirarsu ta WhatsApp, da lambobin waya, da hoton shafin, ya kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC mafi kusa, domin laifi ne a ƙarƙashin dokar damfara ta 2006 da ta laifukan intanet ta 2015. Idan shago ne na zahiri ya aiko da kayan da ba su ne aka yi ciniki ba, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi. Bayan ka bayyana abin da ya same ka a intanet, wasu za su biyo ka ta akwatin saƙo su ce su jami'ai ne ko ƙwararrun kwamfuta da za su dawo maka da kuɗinka idan ka biya wani abu, kuma waɗannan ma 'yan damfara ne, kada a tura musu komai.