Kafin ka ɗaure jaka don aikin sa kai a ƙasar waje

Ƙannenmu da suka gama makarantar lafiya a Jahun suna yawan tare ni da tambaya ɗaya: Yaya, ta wace ƙofa ake fita a yi wa talakawan wata ƙasa hidima na ɗan lokaci? Ƙofofin da na sani huɗu ne, kuma ba zan ɓoye wadda na fi so ba.

Akwai TAC, shirin aikin sa kai na gwamnatin tarayyar Najeriya, wanda aka kafa a 1987, yana tura ƙwararru ƙasashe irin su Gambiya da Uganda. Shekara 2 ake yi, ga mai iyali da gona wannan ya wuce ɗan lokaci. MSF, wato ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa masu aiki a asibitin Jahun tun 2008, ba sa tura sabon hannu waje, sai ka yi aƙalla shekara 2 a bakin aiki. 'Yan'uwanmu Kirista sukan bi ta coci zuwa asibitin Galmi a Nijar, na ƙungiyar mishan ta SIM, wanda ke aiki tun 1950.

Ni dai zuciyata tana ƙofa ta huɗu, ƙauyukan Damagaram a Nijar. Daga Maigatari ka tsallaka, ka shiga ƙasar Dungas da Magariya, babu kuɗin jirgi, babu tafinta. Tsohuwa za ta ce maka "ɗana, jikin yaron ya saki", ka gane nufinta tun kafin ta rufe baki. Lokacin da aka fi buƙatar hannu shi ne tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Oktoba, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun haɗu a kan yara. Mako 3 na yi a wani ƙaramin asibitin ƙauye ina awon damtsen yara don gano tamowa. In zaren awon ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5, sai ka ga uwa ta kafe ka da ido tana jiran bakinka. Na tuna wata yarinya da awarwaron robar hannunta ke zamewa har kafaɗa. Kafin in taho ta fara riƙe ledar madarar gyaɗa da kanta tana tsotsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka je da ka. Ka bi ƙungiya mai rajista a can, wadda majo, wato shugaban asibitin, ya san da zuwanta, ka riƙe takardun tafiyarka cikakku, ka tambayi halin tsaron hanya.

Sai maganar 'yan damfara, inda wuta ta taɓa ƙona ni. Wani mai ofis a Kano ya yi mini alkawarin aikin agaji na wata 3 a gabashin Afirka. Kuɗin fom, kuɗin biza, kuɗin gwajin lafiya, har na sayar da tumakin mahaifiyata 2. Fasfo ɗina ya kwana wata 5 a hannunsa, ranar da na koma na tarar da kwaɗo a ƙofa. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun mutum, ko ya ce gurbi 2 ya rage ka hanzarta, ko takardarsa ta zo ta WhatsApp da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, ka kama kanka. MSF ba ta karɓar ko sisi don ɗaukar ma'aikaci. Ka nemi sunan ƙauyen da za a kai ka da lambar wanda ya je ya dawo. In ya fara kame-kame, ka karɓi fasfo ɗinka a nan take, kada ka bari ya kwana.